Asabarin Ikko

Aikin dare nake yi.
Kafin in tuɓe fararen kaya a Idi-Araba
rana ta riga ni isa gida,
ta zauna bisa katifata kamar mai bin bashi.

Labulen yadi na fara ratayawa,
mai furanni, wanda na taho da shi daga Kazaure.
Damina ɗaya Ikko ta lashe shi.
Funfuna ta yi masa zanen da masaƙa ba ta sani ba,
in an ɗauke wuta kuma
ya tsaya ƙiƙam ya tare iska,
ni da gumi mu wuni muna juyi.

Sai na kwance igiyar shanya,
na auna taga, na ƙulla ƙulli biyu,
na hau danfo zuwa Ebute Meta,
inda gumagumai ke kwance a bakin ruwa
kamar shanu a mashaya,
garin katako har cikin takalmi.

Baba Alani, fensir a bayan kunne,
Hausarsa ta kasuwar Agege, gishiri ya ɗan zarce:
"Hajiya, wanne kina so?"
Ya jera mini huɗu a kan benci.

Gora ba nauyi, ba tsada,
amma shekara biyu, in ji shi, ta ranƙwafa.
Maɗaci ja wur kamar bakin mai goro,
kuɗinsa ya fi sunansa ɗaci.
Na uku ya yi sheƙi har na miƙa hannu.
Na shinshina. Ba wari, ba ƙamshi.
Ashe roba ce ta ari rigar itace.
Na ce, Baba, cikin roba nake kwana,
safar hannu, sirinji, ledar ƙarin ruwa.
A ɗakina ina son abin da ya taɓa shan ruwan sama,
abin da tsuntsu ya taɓa sauka a kansa.

Ya yi dariya, ya jawo loko,
ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, itacen ya amsa.
"Wannan, gara daga nesa take gaishe shi."

Saura faɗi: yatsa biyu ko uku?
In uku ne, ki ga duniya da yawa,
duniya ma ta gan ki.
Tagata da barandar maƙwabta taku huɗu ne,
na san ranar da suke dafa kifi,
sun san ranar da nake kuka.
Na ce biyu.

Muka ja ciniki har ya ce albarka sau uku,
na juya baya, ya kira ni.

A hanyar dawowa, cunkoso ya riƙe mu a Oyingbo,
sai ga ƙofar kakata Tasalla a idona,
asabarinta na tsaure, ɗinkin jan zare,
ta ciki tana ƙirga kowa a tsakar gida,
ta waje ba ka ganin ko ƙafarta.
Tun ina yarinya na so irin wannan mulki.

Ranar Asabar yaronsa ya zo da guduma.
Mai gida ya leƙo: ƙusa huɗu, kar a ƙara.
Aka ɗaga, aka saki,
katako ya sauko ɗaya bayan ɗaya yana tafi.
Sai ga giɓi a hagu, faɗin yatsa.
Ko igiyata ta miƙe,
ko maginin tagar ya yi sauri ranar,
Allah masani.

Yaron ya ce a mayar a gyara.
Na ce bar shi.

Yanzu ina murɗa sanda, ɗaki ya lumshe ido,
iskar teku ta shigo a sunkuye,
hon ɗin danfo ya koma maganar wasu.
Ta giɓin nan zaren rana guda ke shigowa,
ya bi bango, ya tsallake kalanda,
ya sauko a hankali.
In ya taɓa murfin buta,
azahar ta yi, sai in tashi.